HAƘƘIN MATAR DA TA YI ƁARI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, nasiharmu ta yau a kan ɓari ce. A Tarka da ƙauyukan Damargu, idan ciki ya zube sai mu ji ana zargin kishiya ko maye, ko a ce matar ce ta yi sakaci. Wannan zato zunubi ne. Aya ta 8 ta Suratur Ra'adi ta sanar da mu cewa Allah ne masanin abin da mahaifa ke ɗauka da abin da take ragewa. Likitoci kuma sun tabbatar cewa cikin ciki 10 da aka sani, aƙalla 1 yakan zube, galibi kafin mako 12, kuma kusan rabinsu daga tangarɗa ne a halittar ɗan tayin. Zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta da damina da kaka, shi ma yana jawo shi.

To, ya kai maigida, haƙƙinta yana wuyanka. Idan jini ya yi yawa, ko jiri ya kama ta, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, kada ka jira wayewar gari, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Ɗaura amalanke ka kai ta likita mafi kusa. In an tura ku Balbeji, Tanut ko Damagaram, ku tafi. Kuɗi ana mayar da su, rai ba a mayar da shi.

Ku kuma ma'aikatan lafiya, amana ce a hannunku. Ku suturta ta, ku saurare ta, ku bar tsawa. Idan babu haɗari, hanyoyi 3 ne: a jira ciki ya fita da kansa, a ba ta magani, ko a yi wankin ciki. Ku bayyana mata su da harshen da take ji, ta zaɓa.

Mu kuma sauran jama'a, mu yi mata jaje kamar yadda muke yi wa duk mai rashi. Ibnu Majah ya ruwaito daga Mu'azu ɗan Jabal bushara da Aljanna ga uwar da ta yi ɓari ta nemi lada wurin Allah. Mu isar mata da ita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya musanya musu da mafi alheri. Amin.