Ina Ungulu Ta Shiga? Tunatarwa Ga 'Yan'uwa Mata

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci kowane abu bisa hikima. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana mata, kwanaki ina karantar da yara a Islamiyya sai na kawo musu karin maganar nan ta ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wai yaya ungulu take?" Na tambayi ajin duka, ashe babu wanda ya taɓa ganinta ido da ido. Abin ya tsaya mini a rai. Mu da muka taso, idan aka aike ka sayen nama, sai ka tarar da ungulaye jere a kan katangar mahauta, wasu suna shawagi a sama. Yau je ki mahautar garinku ki duba, da wuya ki ga ko ɗaya.

Wata za ta ce, to miye abin damuwa a tsuntsuwar da ba ta da abinci sai mushe? Ai wannan cin mushen shi ne aikin da Allah Ya halicce ta dominsa. Ya ba ta ciki mai narkar da ruɓaɓɓen nama tare da ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Idan dabba ta mutu a bayan gari, kafin ta yi wari ta tara ƙudaje, ungulaye sun share ta. Shara ce suke yi mana kullum ba tare da an biya su ko sisi ba.

Mutanen Indiya sun ga abin da rashinta ke jawowa. A shekarun 1990 aka rinƙa ba shanu wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka ba wa maganin, sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulunsu suka ƙare. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru a cikin mutane. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi wannan magani.

A nan Afirka ta Yamma kuwa, dalilin ya fi ɗaci, domin da hannunmu a ciki. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sanya wannan ungulun tamu ta cikin gari a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. Akwai masu zuba guba a mushe don kashe kura, ungulu ta ci ta mutu. Akwai saran manyan itatuwa irin tsamiya da kuka da rimi, inda take sheƙa, ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Babban abin takaici shi ne farautarta da ake yi don sayar da kanta da ƙwanta ga masu tsibbu. A 2020 an kashe ungulaye kusan 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau, an tarar da wasu an yanke musu kai.

To 'yar'uwa, su waye ke sayen waɗannan abubuwa? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga masu zirga-zirga wurin boka mu ne mata. Wannan tana neman mallakar miji, waccan tana son a kori kishiya, wata haihuwa take nema, wata farin jinin ɗiyarta. Boka ya ce a kawo kan ungulu, ta cire kuɗin cefane ko na adashinta ta bayar. Ta yi asarar dukiya, ta sa an kashe rai ba da hakki ba, uwa uba ta jefa imaninta cikin haɗari. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Wannan ai shi ne ungulu da kan zabo na gaske.

Addininmu bai bar dabba ba tare da hakki ba. A Suratul An'am, aya ta 38, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar mu. Kuma kowaccenmu ta san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa guda da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, da labarin wadda aka gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. Dukansu mata ne, sai mu lura. Idan kyanwa ɗaya ta kai mutum ga wannan matsayi, ina ga wanda ya zama sanadin ƙarewar jinsi guda?

Kada mu ɗebe tsammani, domin gyara yana yiwuwa. A yankin Kure, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawa sun ragu har suka koma 49 a 1996. Hukuma ta hana farautarsu, mutanen ƙauyukan suka ba da haɗin kai, zuwa 2019 sun haura 600. A nan Najeriya ma masu aikin kare namun daji sun zauna da masu maganin gargajiya don su koma amfani da itatuwa a madadin sassan ungulu.

Namu rabon aikin yana cikin gidajenmu. Mu rufe ƙofar zuwa wurin boka, mu kama addu'a da azkar, wadda ke da larura ta je asibiti, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Mu hana yaranmu harbin tsuntsaye da danƙo don wasa da kuma ɗebe ƙwai a sheƙa. Wadda mijinta makiyayi ne ko mahauci ko mafarauci, ta yi masa nasiha cikin ladabi kan zuba guba. Mu rage cin itace da gawayi gwargwadon iko, kuma kowacce ta dasa ko da bishiya ɗaya, domin duk abin da tsuntsu ya ci daga gare ta sadaka ce a gare ki, kamar yadda ya zo a hadisi ingantacce.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar halittunsa, Ya yafe mana kurakuranmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.