Wace Tufa Ce Ta Gida?

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga jama'a iri iri. Ga mutanen Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, ga kuma baƙi daga Nijar sun koro raƙuma da shanu. Tun mutum bai buɗe baki ba a kan shaida shi da tufarsa: Buzu da baƙin rawani mai ƙyalli, attajiri da babbar rigar shadda, mata da atamfa. Kowannensu aka tambaya sai ya ce kayan gargajiyarsu ne. To, me ke sa tufa ta zama ta wata al'umma? Wurin da aka saƙa ta, ko daɗewarta, ko kuwa bakin ɗan kasuwa?

In an bi asali, sai magana ta rikice. Rawanin nan na Buzu, marinan Kura ta ƙasar Kano ne suka shahara da rina shi da buga shi. Bature matafiyi Barth, wanda ya ratsa Kano da Gumel cikin 1851, ya ƙiyasta kayan raƙumi 300 na tufafin Kano a ke kai wa Tambutu kowace shekara. Shaddar Getzner kuwa a Ostiriya a ke saƙa ta. Atamfa ma mutanen Holan ne suka kwaikwayo ta daga rinin mutanen Jawa. Watau Buzu ya karɓi na Bahaushe, Bahaushe ya karɓi na Bature, kowa kuma ya ce nasa ne.

Haka abin ya ke a Sikotilan, arewa da Ingila. Mazan ƙasar su kan ɗaura wani ɗan zane mai tattara, iyakarsa gwiwa, na yadin ulu mai ratsi a tsaye da a gicciye, sunan yadin tatan. Cikin 1746, bayan wani tawaye, hukuma ta hana mutanen kan duwatsu sa shi, sai 1782 aka janye dokar. Da Sarki Joji na Huɗu ya ziyarci Edinbura cikin 1822, sai manya suka shiga neman ratsin da za su ce na zuriyarsu ne, masu masaƙu kuwa suka ɗauki yadin da su ke sayarwa da lamba suka raɗa masa sunayen dangi. Cikin 1842 waɗansu 'yan'uwa biyu suka buga littafin ratse-ratse, suka ce daga tsohon kundi suka kwafo, daga baya aka gane ƙage ne. Duk da haka dangi da yawa ba su yar da ratsin ba. Yau har ƙasashe na da nasu: na Kanada an zana shi cikin 1964, hukuma ta karɓe shi cikin 2011.

Wani ya ce, ashe duk ruɗi ne, ai kayan aro ba ya rufe katara. Amma a duba gyaɗa. Daga nahiyar Amurka ta fito, ba kuwa wanda zai ce ƙuli-ƙuli baƙo ne a ƙasar Hausa. Abin da aka ara aka riƙe, uba ya bar wa ɗa, ya fita daga aro. Rigar da aka sa ran suna, aka je idi da ita, aka hau doki da ita a hawan salla na Gumel, ta zama ta gida ko a ina aka kaɗa zarenta. Zaman da jama'a suka yi da tufa shi ke mai da ita tasu.

Saboda haka ba laifi ɗan kasuwa ya ƙago zane ya raɗa masa suna ya ci riba. Sai dai da sharaɗi biyu. Na fari gaskiya. Wanda ya zana abu jiya ya ce gadon kakanni ne, da wanda ya miƙa jabun atamfa ya rantse Holan ce, laifinsu ɗaya, sun ci kuɗin ƙarya, sun kuma cuci mai sana'ar gaske, irin masaƙi da marinin da kasuwa ta juya wa baya.

Na biyu rashin tilas. A nan ne al'adar anko ta ke da abin dubawa. Daga ƙasar Yarbawa ta shigo, an kuwa karɓe ta don dangi da ƙawaye su fito bai ɗaya ran biki. Amma sau da yawa a kan zaɓi yadin da ya fi ƙarfin talaka, sai mace ta ci bashi, ko ta sai da akuyarta, ko ta ƙi zuwa bikin 'yar'uwarta don kunya. Tufar da aka yi don haɗa zumunta ta koma abin raba shi.

Ga kuma bambancin sha'awa. A Sikotilan wani ulu mai nauyi ya ke so, wani marar nauyi. Wani launi mai haske, wani koɗaɗɗe. A rumfar masu yadi ta Maigatari ma wani farar shadda zai ɗauka, wani shuɗiya, dattijo kuwa ya tambayi saƙi. Ba wanda ya fi wani zama ɗan ƙasa saboda wannan, abincin wani ai gubar wani ne.

To, mai sayarwa ya faɗi gaskiyar hajarsa, mai biki ya duba ƙarfin danginsa kafin ya fid da anko, mai saye kuma ya sa abin da ya ga dama, kada ya raina na maƙwabcinsa. Allah ya rufa asirin kowa.