Jiki Amana Ne, Ranar Hutu Kuma Tana Cikin Horo

Da sunan Allah muke farawa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, abin farin ciki ne yadda matasanmu suka rungumi motsa jiki. Bayan sallar Asuba ga masu gudu a bakin hanya, da maraice ga masu ƙwallo, ga masu ɗaga ƙarfe, ga masu atisayen kokowa. Duk wannan alheri ne, domin da lafiya ake tsayuwa, da ita ake ruku'u da sujada. Sai dai akwai ɗan'uwan da zai kwashe kwana bakwai na mako yana gallaza wa jikinsa babu ranar hutu. Sai ka gan shi a zawiya yana gyangyaɗi tsakiyar wazifa, gwiwa tana ciwo har zaman tahiya ya gagare shi. Wanda ya fita neman ƙarfi ya dawo da rauni.

Kalmar da malamanmu na tasawwufi suke kiran horon rai da ita, wato riyala, ita ce Larabawan yau suke kiran wasannin motsa jiki da ita, kuma asalinta horar da doki ne. Mai horar da doki ya san idan ya yi sukuwa da shi yau, gobe sai ya bar shi a turke ya ci ya sha. Jiki abin hawan ruhi ne. Wanda ya kashe abin hawansa tsakiyar hanya, da me zai ƙarasa tafiya?

Masana lafiya sun bayyana cewa atisaye mai nauyi yana yi wa zaren tsoka ƙananan tsage-tsage, yana kuma ƙarar da abincin da ta tanada. A lokacin hutu da barci ne jiki yake ɗinke wannan, tsoka ta dawo da ƙarfi fiye da na da. Shi ya sa ake son a bar tsokar da aka wahalar kamar awa 48 kafin a sake ɗora mata nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Minti 30 a kwana 5 ke nan, kwana 2 sun rage.

Wannan ma'auni tun tuni Ma'aiki, sallallahu alaihi wa sallama, ya koyar da shi a cikin abin da ya fi motsa jiki daraja. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da su, ya kasance yana azumi kullum yana raya dare dukansa. Annabi ya hana shi, ya sanar da shi cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa, ya nuna masa azumin kwana uku a wata. Da ya nace yana iya fiye da haka, aka tsayar da shi a kan azumin Annabi Dawuda, alaihis salam: yini a ɗauka, yini a sha. Da tsufa ya cim masa, sai ya riƙa burin da ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa. To, idan azumi da tsayuwar dare an sanya musu iyaka saboda haƙƙin jiki, ina ga gudu da ɗaga ƙarfe?

Ku lura da makircin rai, ƴan'uwa. Idan ta kasa kayar da mutum ta ƙofar kasala, sai ta zo masa ta ƙofar wuce gona da iri. Ta ce masa: kana kwance, wane ya fi ka ƙirji. Ranar hutu tana karya wannan alfahari, tana tuna wa bawa cewa shi mai rauni ne, kuma ƙarfin da yake taƙama da shi yana barci ake gina masa shi, ba da dabararsa ba.

Saboda haka kowa ya ware kwana ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya zaɓi Juma'a ya samu sararin yin wanka, da zuwa masallaci da wuri, da sada zumunci, da zikirin maraice cikin natsuwa. Tattaki a hankali ba ya ɓata hutu. A samu barcin awa 7 ko fiye. Mai azumin Litinin da Alhamis ya sassauta atisaye a ranakun nan, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi yake haura digiri 40. Gajiyar da ba ta wucewa, da rashin barci, da saurin fushi, da ciwon gaɓa alamu ne cewa jiki yana neman haƙƙinsa. Idan ciwo ya ƙi tafiya a nemi likita.

Kada kuma wani ya juya magana: hutun nan daga atisaye ne. Salloli biyar da wuridin da ka ɗauki alkawarinsa ba su da ranar hutu. Domin su ma ake hutar da jiki.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sanya ƙarfinmu cikin yi maSa ɗa'a, Ya sa mu cika da imani. Amin.