Tari a Zamanin da Kuɗi Ke Narkewa

A ƙasar Hunkuyi da Kudan da Makarfi, manomin rake ba ya buƙatar wa'azi a kan haƙuri. Yakan dasa, ya yi ta ban ruwa da noma har kusan shekara, kafin ya sare ya kai kasuwa ko ya matse ya dafa mazarƙwaila. Wanda ya yi gaggawar sara, rake salam zai samu. Da irin wannan tarbiyya muka tashi: in kana son abu, ka tara, ka jira.

Sai dai yau ana tambaya, kuma tambayar tana da nauyi: shin mai tari ba kansa yake cuta ba? A 2023 kujerar Hajji ba ta kai naira miliyan 3 ba, a 2025 ta haura miliyan 8. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 34 cikin ɗari. A farkon 2023 kuwa, lokacin canjin kuɗi, tsofaffin da suka shekara suna zuba takardun naira a asusu sun kwana a layin banki suna fargabar kada guminsu ya koma takarda. Wanda ya ga wannan, in ya ce gara ya ci bashi ya saya yau, ba za mu kira shi wawa ba.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajojin waya mun san wani abu a nan. Babban aikin mai tsara manhajar ciniki ko ta bashi shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin sha'awa da biya. Duk matakin da zai sa mutum ya tsaya ya yi tunani, cire shi ake yi, har ya zama dannawa biyu kuɗi sun shigo. Abin da aka cire ɗin kuwa shi ne amfanin tari mafi girma.

Tari ma'aunin so ne. Mai zubin adashe na wata goma, sau goma zuciyarsa za ta tambaye shi: har yanzu kana son abin nan? Sha'awar sabuwar waya takan mutu a wata na uku, kuma mutuwarta riba ce. Amma son keken ɗinki, ko injin ban ruwa, ko ɗakin kanka, shi yakan jure, ya ƙara ƙarfi. Bashi yakan miƙa mana abu tun ba mu san ko muna sonsa ba, mu kuma ci gaba da biya bayan son ya gushe. Ba bashin asibiti ko na takin da damina ba za ta jira ba muke nufi. Wannan larura ce.

To yaya za mu yi da narkewar naira? Iyayenmu mata sun riga mu amsawa. Ba su cika barin kuɗi a kwance ba: 'yar tunkiya suke saya, ta haihu, ta sake haihuwa. Mai son gini yakan buga bulo bana, ya sayi kwano baɗi. Ko adashin gata da hukumar alhazai ta ƙasa ta soma da bankin Jaiz a 2020, manufarsa ke nan: a tara a hankali, kuɗin kuma suna juyawa. Haƙurin da ake yabo yana tafe da dabara.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓi abin da ya cancanci jira, mu ajiye guminmu inda ba zai narke ba, mu kuma ba zuciya dama ta canza shawara kafin kuɗin su cika.