In Ya Ƙi, Wa Zai Biya Ƙarfen?

Duk wanda ya saba bin titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya ratsa cikin Tarauni, ya san masu walda a tsugune da baƙin tabarau, tartsatsi na tashi. Kai musu hoton ƙofa ko gadon injin markaɗe, su ƙera maka tsaf. Amma ka ce a gwada abin da ba a taɓa yi ba, sai maigidan ya goge hannu da tsumma ya ce, "To Alhaji, in ya ƙi, wa zai biya ƙarfen?"

Ba ragwanci ba ne. Na farko da wuya ya fito ba karkata, kuma rodi da waya ba kyauta ake samu ba.

Faransa ta taɓa ba da amsar wannan tambaya. A 1928 ta kafa ma'aikatar jiragen sama, injiniya Albert Caquot ya riƙe sashen fasaharta, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin mafi yawan kuɗin ƙera samfuri. Lokacin ne maƙera ke barin jirgi mai fiffike hawa biyu, irin ukun nan na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano a 1925, suna komawa mai fiffike hawa ɗaya. Wasu jiragen an ƙera su ne su zama na-kowa, yau wasiƙu, gobe majiyyaci, jibi fasinja. Da yawansu guda ɗaya tak aka yi, ya ɗan yi shawagi, aka tura shi rumfa. An yi ta sukar tsarin da ɓarnar dukiya, kuma masu sukar ba su rasa hujja ba, har aka dakatar da shi bayan 'yan shekaru. Sai dai injiniyoyin sun riga sun koyi aiki da kuɗin da ba na aljihunsu ba.

A nan Kano, a 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Tashinsa bai wuce ƙafa bakwai ba, wanda ga gwajin bayan gida ba abin rainawa ba ne. Kuɗin ƙarfen daga gyaran kwamfuta da wayoyi ya tara su, mahaifinsa ya cika masa.