Lakwal ta gwamnati da lakwal ta kuɗi: ina adalci?

Ran nan da dare a wurin yaƙi da jahilci, wani dattijo ya ajiye allonsa ya ce mini: "Malam, ɗan ƙanena yana lakwal ta kuɗi a Maraɗi, nawa yana nan ƙauye. Shekarunsu ɗaya. Wancan yana karanta wasiƙa, nawa har yanzu yana haɗa baƙaƙe. Wa ya ci hakkin wa?"

Na kwana ina juya maganar.

Ƙanen nasa bai saci kome ba. Guminsa ne ya biya. Uban da ya samu hali ya kai ɗansa inda ake koyarwa da kyau, ba za mu kira shi azzalumi ba. In wani ya samu takin zamani, ba ma cewa ya bar gonarsa ta lalace don ta maƙwabcinsa ba ta samu ba. Kuma ba kowace lakwal ta kuɗi ke da kirki ba. Akwai waɗanda abinsu sai fenti da kayan yara iri ɗaya.

Amma ku dubi wannan. Ana komawa lakwal a watan Oktoba. Ajin siminti yana buɗewa a ranar. Ajin zana kuwa sai an gama girbi, an samu kara, iyaye sun kafa rumfa. Ruwan farko ya sauka, iska ta kwashe ta, karatu ya tsaya. Yaron ƙauye ya yi asarar watanni gaba da baya, ga malami ɗaya da yara cike da aji, wani lokacin albashinsa ma ya makara. Rumfar nan har rai take ci: a shekarar 2021 gobara ta kashe yara fiye da 40 cikin azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi. Bayan duk wannan, ranar jarrabawar BEPC takarda iri ɗaya ake miƙa wa yaran biyu, a ce wanda ya fi ƙoƙari ya wuce. Wannan tsere ne da aka ɗaure wa ɗaya ƙafa.

Abin da ya fi damuna shi ne na rijiya. In rijiyar gari ɗaya ce, mai gari da ɗan kasuwa da talaka duk nan suke sha. Ran da ta rufta, kafin azahar an taru an yashe ta. To, ran da masu hali suka haƙa tasu cikin gida fa? Ta gari ta rufta, wa zai yi magana a ji? Haka lakwal take. In ma'aikaci da babban ɗan kasuwa sun janye ƴaƴansu, sun tafi da muryarsu. Alhali lakwal ta gwamnati da harajin kowa ake riƙe ta, har da nasu.

Saboda haka na ce wa dattijon: ƙanenka ba shi da laifin biya, amma yana da bashi. Ya sa baki in ana maganar gina aji, ko da ɗansa ba ya ciki. Kai kuma, na tambaye shi, yaushe rabonka da zuwa taron iyayen yara? Ya yi shiru, sannan ya ce tun bara. Mun shirya ran Laraba mu tafi tare wurin darekta, mu ji kwana nawa aka yi karatu bana.