Yumɓun Goge Gilashi da Daudar da Ido Ba Ya Gani

Yumɓun goge mota wani ɗan curi ne mai taushi da danƙo, wanda bai fi cikin tafin hannu ba. Ko da yake ana kiransa yumɓu, ba daga ƙasa ake haƙo shi ba. Haɗi ne na danƙon roba da garin gogewa mai matuƙar laushi. A Japan aka fara ƙera shi, sannan ya bazu zuwa Amurka a shekarun 1990. Aikinsa shi ne ciro daudar da ta kafe a jikin fenti ko gilashi: ƙurar birki, feshin fenti, ƙaron itatuwa da ɗigon kwalta, waɗanda ruwa da sabulu ke bi ta kansu su wuce.

A unguwa irin Aboabo, da ke cikin zangon Kumasi a gundumar Asokore Mampong, irin wannan dauda ba baƙuwa ba ce. Motocin haya da masu zuwa Tamale da Bawku suna shan hayaƙi da ƙurar hanya, hunturu kuma ya ƙara tasa daga Disamba zuwa Fabrairu. Motar da ta kwana kusa da masu fenti a unguwar makanikai ta Suame Magazine tana iya fitowa da feshin da ba a lura da shi. A wanke gilashin tas, da rana ya yi ta ƙyalli, amma da dare sai ya riƙa watsa hasken fitilar motar da ke tahowa. Masu sana'ar wanke mota suna gane haka ta hanyar sa hannu cikin leda su shafa gilashin, sai yatsu su ji kaushi. Daga nan a fesa ruwan sabulu, a riƙa jan yumɓun a hankali ba tare da dannawa ba. Idan fuskarsa ta yi baƙi a ninke shi a murza, a fito da sabuwa. Idan ya faɗi ƙasa kuwa sai a jefar, domin tsakuwar da ya kwasa za ta karce mota.

Wannan ƙaramin aiki yana taɓo tsohuwar tambaya: shin ido ne alƙalin tsarki? Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a makarantun zango, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, sun raba al'amarin gida biyu. Akwai najasa, wadda abu ce da ke taɓa jiki ko tufa ko wurin salla, ana gusar da ita da ruwa. Akwai kuma hadasi, wanda hukunci ne da ke kan mutum, ba shi da launi ko wari. Mutum yana iya fitowa daga wanka fes, amma idan bai yi niyyar tsarki ba, bai halatta ya yi salla ba.

Taimama ta ƙara fito da wannan bambanci fili. Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 43 da Suratul Ma'ida aya ta 6, ya ba wanda ya rasa ruwa ko mara lafiya damar ya nufi ƙasa mai tsarki ya shafi fuska da hannuwa. Ƙasar ba ta cire datti ko kaɗan, amma ana salla da ita. Malaman Malikiyya sun ce taimama halatta salla take yi, ba ta ɗauke hadasi, shi ya sa ake sabunta ta ga kowace farilla. Ke nan tushen tsarkin ibada niyya ce da bin umarni, ba abin da ido ya shaida kaɗai ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya zurfafa maganar a Ihya'u Ulumiddin, inda ya jera tsarki hawa huɗu: tsarkake jiki daga hadasi da najasa, tsarkake gaɓoɓi daga saɓo, tsarkake zuciya daga munanan halaye, da tsarkake asirin bawa daga duk abin da ba Allah ba. Suratul Muɗaffifina, aya ta 14, ta yi magana a kan tsatsar da ayyukan mutum ke yi wa zuciyarsa. Hassada da riya da girman kai a hankali suke taruwa, kamar ƙurar birki a gilashi, kuma mai su ba ya ganinsu a ranar walwala, sai an zo gwaji: rabon gado, shugabanci, ko arzikin maƙwabci. Ba a kuma cire su da ƙarfi ko a rana ɗaya. Tuba da istigfari da bincikar kai aiki ne na maimaici. Kamar yumɓun, mai gyaran wasu ma yana kwasar dauda, don haka malami da mai wa'azi sun fi kowa bukatar duba zukatansu.

Yumɓun yana da iyaka: ba ya cike karce, ba ya ɗinke tsaga. Haka ma malamai sun haɗu a kan cewa istigfari kaɗai ba ya sauke haƙƙin mutane; sai an mayar da dukiyar da aka ci, ko an nemi gafarar wanda aka zalunta.

Tambayar ta shafi sana'ar kanta. Mai mota ba zai iya tantance aikin da aka yi masa da kallo ba, don haka ciniki ne da ya dogara ga amana. Wanda ya karɓi kuɗin goge gilashi da yumɓu ya tsaya ga soso da sabulu, ko ya ci gaba da aiki da curin da ya faɗi ƙasa, ya yi ha'inci ko da ba a gane ba, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi kakkausan gargaɗi ga mai algus. Ido shaida ne a kan zahiri kawai. Abin da ya ɓuya gare shi, a gilashi ne ko a zuciya, yana nan da hukuncinsa, kuma wanda ya san da shi ne ke da alhakin gyara shi.